Ina Makomar Ƙanenka Da Ake Ce Wa Daƙiƙi?

'Yan uwa matasa, ma'abota karatun wannan jarida, a wannan makon muna so mu ja hankalinku ne zuwa ga wani al'amari wanda da wuya ka ji an tada zancensa a majalisa ko a wajen taro, alhali kuwa da wuya ka sami layin da babu shi a unguwanninmu. Kowannenmu in ya natsu zai tuna da wani yaro, ko a gidansu, ko a maƙwabta, ko a ajinsu na firamare, wanda aka yi ta sa shi maimaita aji har tsararrakinsa suka wuce suka bar shi. Aka yi bulalar, aka yi zagin, daga bisani aka yanke hukuncin cewa shi dai kansa ba ya ja. Wani a ce masa daƙiƙi, wani a ce dolo, wani gaɓo, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. To abin tambaya a nan shi ne, yau wannan yaron yana ina? Ya kai shekara ashirin ko fiye, me yake yi, wa ke ciyar da shi, kuma wa zai ci gaba da ciyar da shi ranar da tsohon da ke ɗauke da nauyinsa ya kwanta dama?

Amsar tambayar ƙarshe ba ta da wuya. Kai ne, ɗan uwa mai karatu. Kai da kake wansa ko ƙanensa, kai za a duba, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Saboda haka maganar ilmin waɗannan bayin Allah da koya masu sana'a magana ce da ta shafe ka kai tsaye, tun ma kafin ta shafi gwamnati ko malaman jami'a. Ko dai a shirya shi tun yanzu ya iya riƙe kansa gwargwadon hali, ko kuma ka shirya ɗaukar nauyin magidanci guda har ƙarshen rayuwarka ko tasa.

Da farko dai ya kamata mu rarrabe abubuwa biyu da muka saba cakuɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai yaron da hankalinsa da fahimtarsa daidai suke da na kowa, wani lokaci ma ya fi tsararrakinsa kaifin basira, sai dai ƙwaƙwalwarsa na samun tangarɗa a wani fanni guda na koyo, kamar haɗa baƙi da sautinsa, ko rubutu, ko lissafi. Mafi shahara a ciki ita ce wadda ake kira disleksiya, wato wahalar karatu. Ba yau aka gano ta ba. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata suna a 1887, sannan a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 wanda ba ya kasa kowa wayo, amma karatu ya gagare shi. Irin wannan yaron in aka karanta masa tambaya da baki zai ba ka amsa tsaf, in aka miƙa masa takarda sai ya daburce. Babu abin da zai hana shi zama injiniya ko lauya in aka koyar da shi ta hanyar da ta dace da shi.

Na biyu kuma shi ne mai raunin fahimta, wanda jinkirin ya game kusan dukkan al'amuransa tun yana ƙarami: fahimtar magana, ƙirga kuɗi, sanin lokaci, kula da kansa. Masana suna sa mutum a wannan rukunin ne idan makinsa a gwajin basira ya tsaya a wajen 70 ko ƙasa da haka, kuma ana ganin alamar raunin a harkokinsa na yau da kullum. An ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin ɗari na da wannan lalurar, kuma mafi yawansu, wajen kashi 85 cikin ɗari, raunin nasu mai sauƙi ne. Ma'ana suna iya koyon karatu daidai gwargwado, su koyi sana'a, su yi aiki a biya su. Daga cikinsu akwai masu lalurar nan da ake kira da sunan likitan Ingila John Langdon Down, wanda ya siffanta ta a 1866, wadda a 1959 aka gano cewa ƙarin ƙwayar gado ce guda ɗaya a kan lamba ta 21 ke jawo ta. Babu ruwanta da maita, ko sammu, ko laifin uwa.

Bilhasali ma wasu daga cikin musabbaban wannan lalura mun gan su da idonmu a ƙasar nan. Doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, rashin sinadarin aidin a abincin mai ciki, duk suna iya barin yaro da rauni na dindindin. A annobar sanƙarau ta 1996 sama da mutum 100,000 ne suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu, kuma sanƙarau ciwo ne da yakan bar wasu daga cikin waɗanda suka tashi da kurunta ko raunin ƙwaƙwalwa. A 2010 kuma gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ta kuma shiga jinin wasu dubbai. Gubar dalma kuwa sananniya ce wajen lalata ƙwaƙwalwar yaro ba tare da ta dawo daidai ba. Jariran da suka tsira a wancan lokacin yau samari ne da 'yan mata, shekarunsu na neman ilmi da sana'a sun yi. Wa ya shirya masu wani abu?

Domin mu ga abin da zai yiwu, bari mu dubi yadda aka yi a Amurka, ƙasar da ta yi nisa ainun a wannan fage. Kada wani ya ɗauka mun kawo ta ne don mutanenta sun fi kowa tausayi, domin tarihinsu a nan mummuna ne ƙwarai. A 1927 kotun ƙolin ƙasar ta halatta wa hukuma ta yi wa masu raunin fahimta aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya, kuma kafin a daina sama da mutum 60,000 aka yi wa. Sauran kuwa tara su ake yi a manyan gidaje bayan gari kamar kaya a sito. Ɗaya daga cikin irin waɗannan gidajen, Willowbrook a birnin Niyok, an gina shi ne don mutum 4,000, amma a tsakiyar shekarun 1960 sama da 6,000 ne a cushe a ciki. Sai a 1972 da wani ɗan jarida ya shiga da na'urar ɗaukar hoto, jama'a suka ga yara tsirara kwance cikin ƙazanta, sannan hankali ya tashi. Duk da haka ba a rufe gidan ba sai a 1987.

Waɗanda suka juya akalar lamarin su ne iyaye da 'yan uwan yaran. Su suka kafa ƙungiyoyi, suka maka hukumomin ilmi a kotu a jihar Fensilbaniya da birnin Washinton a farkon shekarun 1970, suka kuma yi nasara. Sakamakon haka a 1975 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro mai naƙasa, a koyar da shi kyauta bisa wani tsari da aka rubuta dominsa shi kaɗai. Majalisar da kanta ta amsa cewa kafin dokar sama da yara miliyan ɗaya ne aka hana shiga makaranta kwata-kwata. Wannan shi ne darasi na farko: ba a ba su haƙƙin nan a faranti ba, dangi ne suka tashi suka nema, suka kuma jure shekara da shekaru.

To amma sai wata matsalar ta ɓullo. Dokar ta ɗauki nauyin yaro ne zuwa shekara 21 a akasarin jihohi, daga nan sai ya koma gida ya zauna gaban talabijin, tsararrakinsa sun tafi kwaleji ko sun kama aiki. An kashe kuɗi shekara goma sha biyar ana koyar da shi, an kuma sake shi ba tare da an tambayi inda zai nufa ba. Shi ya sa a 1990 aka gyara dokar aka sa sharaɗin shirya ɗalibi domin rayuwar bayan makaranta, kuma bisa gyaran 2004 dole ne kafin ya wuce shekara 16 a zauna da shi da iyayensa a rubuta abin da zai yi idan ya gama, ko karatu ko aiki, da matakan da za su kai shi can. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga masu tangarɗar koyo irin ta disleksiya, hanyar zuwa jami'a ita ce ta kowa, sai dai dokokin 1973 da 1990 na hana wariya sun tilasta wa makarantu su yi masu sassauci a yadda ake gwada su: ƙarin lokaci a jarrabawa, ɗaki marar hayaniya, littattafan da aka naɗa a murya, ko kwamfutar da ke karanto rubutu. Tambayoyin ba sa canzawa, makin cin jarrabawa ma ba ya raguwa. Sharaɗin kawai shi ne ɗalibin da kansa zai je ya bayyana lalurarsa ya nemi haƙƙinsa, kuma a nan ne da yawa ke faɗuwa saboda kunya. Akwai ma kwalejojin da aka kafa musamman dominsu, kamar Landmark a jihar Bamont wadda ta buɗe a 1985, da Beacon a jihar Filorida a 1989, sai dai kuɗinsu ba na talaka ba ne, domin na Landmark ya haura dala 50,000 a shekara.

Masu raunin fahimta kuwa sai a 2008 aka buɗe masu ƙofa a hukumance. Dokar ilmi mai zurfi ta wannan shekarar ta yarda su sami tallafin karatu na gwamnatin tarayya ko da ba su da takardar kammala sakandare irin ta kowa, matuƙar sun shiga wani shiri da ma'aikatar ilmi ta amince da shi. Ta kuma gindaya sharaɗi mai muhimmanci, cewa aƙalla rabin lokacinsu su yi shi tare da sauran ɗalibai, a aji ɗaya ko a wajen koyon aiki ɗaya, don kada a keɓe su a wani lungu a ce wai suna jami'a. A 2010 aka ba makarantu 27 kuɗi don su gwada tsarin, aka kuma ɗora wa wata cibiya mai suna Think College da ke jami'ar Masachusets a Boston alhakin bin diddigi. Zuwa shekarun 2020 irin waɗannan shirye-shirye sun haura 300, a jami'o'i irin su Clemson da Vanderbilt da George Mason. Ɗalibi kan yi shekara biyu zuwa huɗu, yana zama a wasu darussa tare da wani ɗalibi abokin tafiya da ke taimaka masa, yana koyon shiga mota shi kaɗai, da sarrafa kuɗinsa, da girki, yana kuma zuwa koyon aiki. A ƙarshe takardar shaida ake ba shi, wadda ba digiri ba ce.

Mun san wani zai ce, to me mai raunin fahimta zai je yi a jami'a, alhali ga masu lafiya da digiri a hannu suna gararamba a titi ba aikin yi? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba za mu yi mata kwana ba. Mu a namu ganin, in dai takarda ce kawai za a je nema, to gara a zauna a gida, domin takardun da ke cikin akwatunanmu ma sun ishe mu. Amfanin zaman nasu a can abu biyu ne. Na ɗaya, saurayi ɗan shekara goma sha tara yana koyon zama babba ne a cikin tsararrakinsa, ta hanyar ganin yadda suke magana da sa tufafi da cika alƙawari, abin da ba zai taɓa koya ba in kullum yana tsakar gida cikin mata da yara. Na biyu, waɗannan ɗaliban da ke zaune da shi a aji su ne gobe za su zama shugabannin ma'aikatu da masu kamfanoni, kuma wanda ya yi shekara biyu yana cin abinci da mai irin wannan lalurar ba zai firgita ba ranar da irinsa ya zo neman aiki. Ala kulli halin, ma'aunin da za a auna kowane shiri da shi guda ɗaya ne: bayan an gama, ya sami aikin da ake biyansa ko bai samu ba?

A kan wannan ma'aunin, shirin da ya fi ɗaukar hankalinmu a wani asibiti aka haife shi. A 1996 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Erin Riehle, shugabar sashen gaggawa a asibitin yara na birnin Sinsinati, ta gaji da yadda masu aikin jera kayan aiki a ɗakunan sashenta ke yawan ajiye aiki, kullum sai an ɗauki sabbi an sake koya masu. Ta kuma lura cewa asibitin na samun kuɗi mai yawa daga jinyar yara masu naƙasa, amma kusan babu irinsu a cikin ma'aikatansa. Sai ta haɗa kai da wata makarantar koyon sana'a da ke yankin, aka kafa shirin da ake kira Project SEARCH. Tsarinsa mai sauƙi ne. Matashi zai yi shekarar karatu guda cur a cikin ma'aikatar, da safe a yi ɗan darasi na kamar awa guda, sauran yinin yana bakin aiki. Zai zagaya sassa uku, kowanne mako goma zuwa goma sha biyu, tare da mai horarwa da ke tsaye kusa da shi da farko, yana ja da baya sannu a hankali har ya bar shi shi kaɗai. Ba a lissafa cewa an yi nasara sai ya sami aiki na aƙalla awa 16 a mako, cikin sauran ma'aikata, da albashi irin na kowa. Shirin ya bazu zuwa wurare sama da 600 a Amurka da Ingila da wasu ƙasashen, kuma bisa alƙaluman masu shirin, wajen biyu cikin uku na waɗanda suka kammala kan sami aiki.

Sirrin horon kuwa tun farkon shekarun 1970 wani malami mai suna Marc Gold ya nuna shi. Ya ɗauko mutanen da aka yanke ƙauna daga gare su, masu rauni mai tsanani, ya koya masu haɗa birkin keke mai sassa 15. Yadda ya yi shi ne ya farfasa aikin zuwa ƙananan matakai, yana koyar da mataki ɗaya bayan ɗaya, da nuni da kama hannu maimakon dogon bayani, in hanya ɗaya ta ƙi sai ya sake wata. Suka iya, suka kuma riƙe abin da suka koya. Abin da ya tabbatar shi ne, sau da yawa in ɗalibi ya kasa, hanyar koyarwar ce ya kamata a fara tuhuma. Wannan darasin ba ya bukatar dala ko ɗaya, ko a garejin bakin titi ana iya aiki da shi.

Sai dai kada mu ruɗu mu ɗauka an gama komai a can. Shirye-shirye 300 a ƙasar da ke da manyan makarantu kusan 4,000 na nufin ko ɗaya cikin goma ba su buɗe ƙofa ba, kuma da yawansu sai mai hali. Daga cikin manya masu raunin fahimta da hukumomin jihohi ke kula da su, waɗanda ke da aikin albashi a cikin jama'a ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Daɗin daɗawa, wani sashe na dokar ƙwadago ta 1938 ya halatta a biya mai naƙasa ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Wani rahoton hukumar kare haƙƙin jama'a ta ƙasar na 2020 ya nuna cewa matsakaicin abin da ake biyan irin waɗannan ma'aikata dala 3.34 ne a awa, alhali mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne. A ƙarshen 2024 ma'aikatar ƙwadago ta kawo shawarar soke wannan tsarin, a 2025 kuma aka janye shawarar, ko da yake wasu jihohin sun riga sun haramta shi a ƙashin kansu. Mafi muni shi ne abin da aka bankaɗo a 2009 a wani ƙauye mai suna Atalissa a jihar Ayowa, inda wani kamfanin sarrafa naman talotalo ya shafe shekaru da dama yana bautar da wasu maza masu raunin fahimta a kan dala 65 a wata, yana ajiye su a wani tsohon gini mai cike da kyankyasai. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wannan gargaɗi ne gare mu, cewa da sunan koya wa mutum aiki ana iya mayar da shi bawa.

To mu a gida ina aka kwana? A takarda dai ba mu da laifi. Tun 1977 aka kafa Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta musamman a garin Oyo don horar da malaman masu naƙasa, jami'o'i irin su ta Jos da Bayero ta Kano kuma suna da sassan wannan fanni. Nijeriya ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna masu wariya, wadda ta ba su ilmi kyauta har zuwa sakandare, ta ce makarantun gwamnati tun daga firamare har manyan makarantu su zama masu karɓar kowa, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware masu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta kuma yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. A 2020 aka kafa hukumar da za ta kula da aiwatar da ita. Hukumar JAMB ma tun 2017 ta yi wani tsari na musamman wanda ya fara da makafi masu zana jarrabawarta.

Abin takaicin shi ne, idan aka ce mai naƙasa, tunaninmu kan tafi ne ga makaho da kurma da gurgu, waɗanda ana ganin lalurarsu, suna kuma da baki da ƙungiyoyi da sarakunansu. Mai raunin fahimta ba ya iya tsayawa gaban hukuma ya kare kansa, mai tangarɗar karatu kuma ba a ma yarda yana da wata lalura ba, an riga an ce lalaci ne. A ajin da malami ɗaya ke fama da yara ɗari, wa ke da lokacin gano dalilin da ya sa yaro ke juya baƙaƙe? Bulala ta fi sauƙi. Daga nan sai yaron ya tsani makaranta, ya faɗa tasha ko bakin kasuwa, inda ɓata-gari ke jiran irinsa don su aike shi abin da su ba za su yi da hannunsu ba.

Amma fa muna da wani abu a hannu wanda Amurkawa sai da suka sha wuya suka ƙirƙiro irinsa. Tsarinmu na kai yaro wajen ubangida ya koyi sana'a, a gareji ko shagon ɗinki ko wajen kafinta ko gidan burodi, koyo ne a bakin aiki, cikin jama'a, da gani da kwaikwayo. Abin da ya rasa uku ne: haƙurin farfasa aiki mataki-mataki, da wa'adin yaye, da sharaɗin biya. Sau nawa muka ga irin waɗannan samarin sun shekara goma a shago ba abin da aka taɓa sa su sai shara da sayo abinci, suna zaman abin dariyar sauran yara? Wannan ɓata lokaci ne da cin zali, ko da maigidan yana ganin taimako yake yi.

Saboda haka muna kira ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilmi da ke jihohinmu, da hukumar NBTE mai hedkwata a Kaduna, su buɗe shirye-shirye na shekara ɗaya ko biyu domin masu raunin fahimta, a haɗa su da masu sana'a da asibitoci da kamfanoni. Tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da hukumar ke kula da shi yana auna mutum ne da abin da hannunsa ya iya yi, saboda haka ƙofa ce da ta dace da su. Jami'o'i kuma su fito da ƙa'ida a rubuce kan ƙarin lokaci da sauran sassauci ga masu tangarɗar karatu, kada abin ya dogara ga tausayin wani malami. Sannan a fito a gaya wa jama'a, a cikin kashi 5 ɗin nan da doka ta ambata, mutum nawa ne masu raunin fahimta aka ɗauka.

Ku kuma 'yan uwa matasa, akwai abin da ba sai kun jira kowa ba. Ku fara da harshenku, ku mayar wa yaron nan sunansa na yanka, ku kuma hana a mai da shi abin tsokana a majalisarku. Wanda ke da ƙane da karatu ya gagara, ya kai shi a duba idonsa da kunnensa tukuna, domin wani matsalarsa ba ta wuce tabarau ba, sannan ya nemi masana a sashen ilmi na musamman ko asibitin koyarwa mafi kusa. Ɗalibin jami'a ya ware awa biyu a mako ya zauna da irin wannan yaron. Mai shago ko gareji a cikinku ya ɗauki guda ɗaya, ya zaɓi aiki ɗaya tak, ko facin taya, ko guga, ko ɗaure kaya, ya rarraba shi gida-gida, ya nuna da hannu, ya maimaita ba tare da tsawa ba, in ya iya sannan a ƙara wani. Ku yi yarjejeniya da iyayensa kan ranar yaye, kuma daga ranar da aikinsa ya fara kawo kuɗi, a biya shi abin da ake biyan kowa, a hannunsa ko a asusun da aka buɗe da sunansa.

Ba muna cewa kowane ɗayansu zai kai ga jami'a ko ya riƙe gida shi kaɗai ba, domin akwai waɗanda za su bukaci kulawa har ƙarshen rayuwarsu, kuma su ma haƙƙinsu na nan a wuyanmu. Abin da muke cewa shi ne, mafi yawansu suna iya fin inda muka ajiye su nesa ba kusa ba, kuma kowace shekara da ta wuce suna zaune, koyon na ƙara wuya, iyayen na ƙara tsufa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ka koma gida yau, ɗan uwa, ka zauna da tsohonku ku yi maganar ƙanen nan naka, ku tsai da wajen da za a kai shi da ranar da zai fara.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.